Curt Flood da Sharaɗin Riƙewa: Ɗan Wasan da Ya Kai Besbol Gaban Kotun Ƙoli

Maudu'in wannan lacca shi ne rayuwar Curt Flood, ɗan wasan besbol Ba'amurke baƙar fata wanda ya rayu daga 1938 zuwa 1997, da shari'ar da ya shigar a 1970 yana ƙalubalantar ikon da masu kulob-kulob suke da shi na musayar ɗan wasa ko sayar da shi ba tare da an nemi yardarsa ba. Sunansa bai yi amo a wajen Amurka kamar na ɗan wasan besbol Jackie Robinson ba, kuma ko a cikin Amurka ɗin an fi tunawa da shi a zauren nazarin shari'a da tarihin ƙwadago fiye da filin wasa, duk da cewa a shekarun 1960 yana cikin waɗanda suka fi kowa gwaninta a gurbin da yake tsarewa. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci zama a kansa shi ne ya sha kaye a kotuna uku a jere, ya rasa sana'arsa da dukiyarsa, amma tsarin da ya yi ƙara a kansa bai cika shekara huɗu ba bayan hukuncin ƙarshe sai da ya rushe, kuma har yau masana ba su daina muhawara kan rabon da yake da shi a cikin wannan rushewa ba.

Da yake besbol ba wasa ba ne da aka saba gani a ƙasar Hausa, ya kamata a fara da bayaninsa a taƙaice. Ɓangare biyu ne suke karawa, ɗaya yana duka ɗaya yana tsaro da mutum tara a fili, sannan su yi musanya. Mai jifa yakan tsaya a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo ƙarama mai tauri zuwa ga mai duka, shi kuma ya yi ƙoƙarin dokarta da kulki, idan ya same ta sai ya ruga yana bin tashoshin da aka dasa a kusurwoyi huɗu, wanda duk ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci wa ɓangarensa maki ɗaya. Aikin masu tsaro shi ne su fitar da mai duka, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin yin haka ita ce cafke ƙwallon a sama da safar hannu ta fata kafin ta taɓa ƙasa. Idan an fitar da mutum uku sai a juya, kuma wasa yakan ɗauki zagaye tara. Mutum uku ne suke tsaron bayan fili, wato faffaɗar ciyawar da ke nesa da mai duka, na tsakiyarsu kuwa shi ne mai yanki mafi girma, don haka ake neman mai sauri wanda zai iya karanta inda ƙwallo za ta faɗi tun daga ƙarar haɗuwarta da kulki. Wannan gurbi na tsakiya shi ne na Flood.

An haifi Curtis Charles Flood ranar 18 ga Janairu, 1938, a birnin Houston na jihar Teksas, amma tun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Oakland a Kalifoniya, kamar yadda dubban iyalan baƙar fata suka bar Kudu a wancan zamani don neman aiki. Unguwarsu ta yi suna wajen fitar da 'yan wasa, domin daga nan Frank Robinson da Vada Pinson suka fito. A 1956 kulob ɗin Cincinnati ya ɗauke shi, kuma bisa al'adar wasan aka tura shi ƙananan gasanni, inda ake horar da sababbin 'yan wasa kafin su hau babbar gasa, aka ajiye shi a jihar Karolina ta Arewa, shekara mai zuwa kuma a Savannah ta jihar Jojiya. A nan ne yaron da ya tashi a Kalifoniya ya haɗu da dokokin wariyar launin fata na Kudu ido da ido. Ba ya kwana a masaukin da abokan wasansa suke kwana, ba ya cin abinci inda suke ci, kuma sau da yawa sai ya zauna a cikin bas ya jira a miƙo masa nasa. Shi da kansa ya ba da labarin wata rana da suka yi wasa biyu a jere, ya tuɓe rigarsa ya jefa cikin tulin kayan da za a wanke kafin wasa na biyu, sai ma'aikacin kulob ya ɗauko doguwar sanda ya zaƙulo rigar daga cikin na sauran, ya aika da ita wurin wankin baƙar fata can nesa, shi kuwa ya zauna shi kaɗai a ɗakin sauya kaya yana jira har abokansa suka shiga fili. Duk da wannan zama, ya ƙare kakar 1956 a matsayin wanda ya fi kowa iya duka a gasar tasu.

A ƙarshen 1957 Cincinnati ta yi musayarsa zuwa St. Louis Cardinals, yana ɗan shekara 19, ba tare da an tambaye shi ba, kuma a lokacin bai ga abin magana a ciki ba. Ya yi kaka goma sha biyu a St. Louis. Ba shi da girman jiki, kuma ba a san shi da dukan da yake fitar da ƙwallo daga fili ba, amma ya ci kyautar Safar Zinariya, wadda ake bai wa gwanin tsaro na kowane gurbi, sau bakwai a jere daga 1963 zuwa 1969, ya kuma taɓa yin wasa 226 a jere ba tare da an rubuta masa kuskuren tsaro ko ɗaya ba. A ɓangaren duka ya ƙare da matsakaicin .293, ma'ana a cikin kowane gwaji dubu ya yi nasara sau 293, kuma a besbol wanda ya kusanci 300 gwani ne. Tare da shi da mai jifa Bob Gibson da Lou Brock, Cardinals ta lashe World Series, wato karawar ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasanni biyu na ƙasar, a 1964 da 1967.

A 1968 sun sake kaiwa wannan mataki, suka haɗu da Detroit Tigers, har aka je wasa na bakwai wanda shi ne na raba gardama. An shiga zagaye na bakwai babu wanda ya ci maki, Detroit tana da mutum biyu a kan tashoshi, sai Jim Northrup ya doko ƙwallo zuwa tsakiyar bayan fili. Flood ya fara matsowa gaba, ya gane ƙwallon ta fi ƙarfin lissafinsa, ya juya da baya ƙafarsa ta zame a kan ciyawa, ƙwallon ta wuce ta saman kansa, mutum biyun suka shigo, Detroit ta ci wasan 4 da 1. Kuskure ɗaya ne daga mutumin da ya yi shekaru bai yi irinsa ba, amma ya zo ne a ranar da duk ƙasar take kallo. Da aka zo maganar albashin 1969 ya yi ja-in-ja da shugabannin kulob har ya samu dala 90,000, kuma daga nan dangantakarsa da mai kulob ɗin, August Busch, attajirin kamfanin giya na Anheuser-Busch, ta yi tsami. Ranar 7 ga Oktoba, 1969, Cardinals ta haɗa shi da wasu 'yan wasa uku ta ba kulob ɗin Filadelfiya, ta karɓo Dick Allen da wasu biyu. Wani jami'in ofis mai matsakaicin muƙami ne ya sanar da shi a waya, abin da ya yi masa zafi ƙwarai bayan hidimar shekara goma sha biyu.

Abin da ya ba kulob ikon yin haka shi ne sharaɗin riƙewa, wani sakin layi da yake cikin kwantiragin kowane ɗan wasa. Asalinsa yana komawa 1879, lokacin da masu kulob-kulob suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowanne zai keɓe 'yan wasa biyar waɗanda sauran ba za su taya ba, don kada gasar neman gwanaye ta ɗaga albashi, daga baya kuma aka faɗaɗa abin ya haɗa da kowa. A rubuce, sharaɗin cewa ya yi idan ɗan wasa bai sa hannu a sabon kwantiragi ba, kulob yana da ikon sabunta tsohon na tsawon shekara ɗaya a kan sharuɗɗansa. Masu kulob sai suka fassara shi da cewa kwantiragin da aka sabunta yana ɗauke da wannan sharaɗi shi ma, don haka ana iya sake sabunta shi kowace shekara har illa masha Allahu. Sakamakon haka, yaron da ya sa hannu yana ɗan shekara 18 ya zama na wannan kulob har ya daina wasa, ko kulob ɗin ya sayar da shi, ko ya sallame shi. Idan albashin da aka yanka masa bai yi masa ba, abin da kawai zai iya yi shi ne ya zauna a gida, domin babu kulob ɗin da zai ɗauke shi. Masu bin ƙwallon ƙafa za su gane wannan cikin sauƙi, tunda kafin hukuncin Bosman na 1995 kulob a Turai yana iya neman kuɗi a kan ɗan wasan da kwantiraginsa ya riga ya ƙare.

A kowace sana'a irin wannan haɗin baki na masu ɗaukar ma'aikata zai ci karo da dokar Sherman ta 1890, wadda ta haramta babakere da haɗa kai don toshe gasa a kasuwancin da ya ratsa jihohi. Besbol ta tsira ne saboda hukuncin Kotun Ƙoli na 1922, wanda alƙali Oliver Wendell Holmes ya rubuta, inda aka ce nuna wasa harka ce ta cikin jiha, ba kasuwancin tsakanin jihohi ba, ko da kuwa 'yan wasan suna tsallaka iyakoki a jirgin ƙasa don su je su yi shi. A 1953, a shari'ar Toolson, kotun ta sake tabbatar da wannan matsayi. Abin mamaki, kotun ta ƙi ba damben zamani da ƙwallon ƙafar Amurka irin wannan kariya a shekarun 1950, aka wayi gari besbol ita kaɗai ce 'yar lele.

Flood ya ƙi tafiya Filadelfiya, duk da cewa an yi masa tayin dala 100,000. Kulob ɗin yana ƙasan tebur, filinsa ya tsufa, kuma magoya bayansa sun yi ƙaurin suna wajen cin mutuncin Dick Allen, amma shi da kansa ya nuna cewa damuwarsa ta wuce sunan garin da aka tura shi. Ya je wurin Marvin Miller, masanin tattalin arziki da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, wanda ya karɓi jagorancin ƙungiyar 'yan wasa a 1966. Miller bai yi masa rufa-rufa ba, ya shaida masa cewa da wuya ya yi nasara, kuma ko ya yi, kada ya sa ran sake samun aiki a besbol, ko na wasa ko na horarwa. Flood ya tambaya ko nasarar za ta amfani sauran 'yan wasa da masu zuwa, aka ce masa za ta amfane su, ya ce wannan ya ishe shi. A watan Disamba wakilan 'yan wasa suka zauna da shi a San Juan ta Puwato Riko, wani daga cikinsu ya tambaye shi kai tsaye ko gwagwarmayar baƙar fata ce ta tunzura shi, ya amsa da cewa abin da ya gani a rayuwa ya sa zalunci ya fi saurin taɓa shi, amma ƙarar tasa ta ɗan wasa ce a madadin 'yan wasa. Wakilan suka amince gaba ɗaya ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin lauya. Ranar 24 ga Disamba, 1969, ya aika wa kwamishinan besbol Bowie Kuhn gajeriyar wasiƙa, yana cewa bayan shekara goma sha biyu a babbar gasa bai yarda shi kaya ne da za a saya a sayar ba tare da la'akari da ra'ayinsa ba, ya kuma nemi a sanar da duk kulob-kulob cewa ƙofarsa a buɗe take don kakar 1970. Kuhn ya ƙi, sai aka shigar da ƙara a watan Janairu, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Arthur Goldberg yana jagorantar lauyoyinsa.

Jama'a ba su tausaya masa ba. A lokacin da matsakaicin albashin ɗan wasa bai kai kashi ɗaya cikin uku na nasa ba, ma'aikacin masana'anta kuwa ba a ma maganarsa, da wuya mutane su fahimci kukan mai ɗaukar dala 90,000. Da ɗan jarida Howard Cosell ya tunkare shi da wannan a talabijin, sai ya amsa da cewa bawan da ake biya da tsoka bai fita daga bauta ba, kalmar da ta fusata marubuta wasanni da dama, ta kuma jawo masa wasiƙun zagi da barazanar kisa. Dole a faɗi gaskiya cewa kwatancen yana da rauni ta fuskar shari'a, tunda ɗan wasa yana da ikon barin sana'ar ya kama wata, kuma a kan wannan dalili ne kotu ta yi watsi da hujjarsa ta gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a 1865. Sai dai abin da yake nufi a fili yake: yawan albashi tambaya ce daban, ikon mutum ya zaɓi wanda zai yi wa aiki kuma tambaya ce daban, amsar ta farko ba ta share ta biyu. Masu kulob su ma suna da hujjar da ba za a raina ba, wato idan aka saki 'yan wasa, kulob-kulob masu kuɗi na manyan birane za su kwashe gwanaye, gasa ta mutu. Abin da suka kasa bayyanawa shi ne dalilin da zai sa maganin wannan matsala ya zama riƙe mutum har ƙarshen sana'arsa, da kuma dalilin da zai sa duk ribar riƙon ta faɗa aljihunsu.

An yi zaman shari'ar a New York a watannin Mayu da Yuni na 1970 a gaban alƙali Irving Ben Cooper. Jackie Robinson, wanda ciwon sukari ya riga ya raunana, ya zo ya ba da shaida a madadinsa, haka ma tsohon gwani Hank Greenberg da tsohon mai kulob Bill Veeck. Daga cikin 'yan wasan da suke kan ganiyarsu kuwa, waɗanda ƙarar za ta amfana, babu ko ɗaya da ya ba da shaida, saboda kowa yana tsoron abin da zai biyo baya. Ya faɗi a wannan kotu, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, sannan ranar 19 ga Yuni, 1972, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa da ƙuri'a 5 da 3, alƙali Lewis Powell ya janye saboda yana da hannun jari a Anheuser-Busch. Alƙali Harry Blackmun, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya buɗe shi da dogon yabon wasan har da jerin sunayen tsofaffin gwanaye 88, sashen da biyu daga cikin alƙalan da suka goyi bayan hukuncin suka ƙi sa hannu a kansa. Bayan wannan ya amince cewa besbol kasuwanci ne na tsakanin jihohi, ya amince cewa kariyar da take da ita baƙon abu ne a doka, sannan ya ce tunda an daɗe a haka kuma majalisa ba ta gyara ba, gyaran aikin majalisa ne. Da wuya a samu hukuncin da ya karɓi hujjar mai ƙara haka sannan ya sallame shi hannu rabbana. Alƙali William Douglas, wanda yake cikin masu rinjaye a shari'ar Toolson a 1953, ya rubuta cewa ya yi nadamar wancan matsayi, shi da William Brennan da Thurgood Marshall suka saɓa.

Kafin wannan rana rayuwar Flood ta riga ta wargaje. Ya zauna kakar 1970 ba wasa ba albashi, wani ɓangare a Kwapanhagan ta Danmak, bashi ya yi masa katutu, shan giya kuma ya yi masa yawa. Don kakar 1971 kulob ɗin Washington Senators ya ɗauke shi a kan dala 110,000 bisa sharaɗin cewa hakan ba zai taɓa ƙararsa ba, amma jikin ya riga ya sake, ya yi wasa 13 kacal ya bar kulob ɗin a watan Afrilu, ya hau jirgi zuwa Sifaniya, inda ya yi shekaru yana gudanar da mashaya a tsibirin Mayorka. Ya dawo Amurka a tsakiyar shekarun 1970 ba shi da komai, ya yi aikin sharhin wasa a rediyo na kulob ɗin Oakland a 1978, kuma sai daga baya ya rabu da giya, ya auri 'yar fim Judy Pace a 1986.

Abin da ya karya sharaɗin riƙewa bai fito daga kotu ba. A yarjejeniyar 1970, lokacin da ƙarar Flood take rataye a wuyan masu kulob, Miller ya samu amincewarsu cewa saɓani kan kwantiragi zai riƙa zuwa gaban mai sasanci mai zaman kansa, maimakon kwamishinan da su suka naɗa. A 1973 aka ƙara da ƙa'idar cewa wanda ya yi shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, yana da ikon ƙin musaya, wadda da tana nan a 1969 da ta hana abin da ya faru da Flood. A 1975 masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka shiga kaka ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, sannan ƙungiya ta kai magana gaban mai sasanci Peter Seitz da tambaya guda: shekara ɗaya da aka rubuta a sharaɗin, shekara ɗaya take nufi ko har abada? Ranar 23 ga Disamba Seitz ya ce shekara ɗaya ce. Masu kulob suka kore shi nan take, suka garzaya kotu, kotu ta bar hukuncinsa yadda yake. A nan Miller ya nuna ƙwarewarsa ta ɗan ƙwadago, domin ya san idan kowa ya samu 'yanci a lokaci guda kasuwa za ta cika farashi ya faɗi, don haka a 1976 ya amince da tsarin da ɗan wasa zai samu ikon zaɓar kulob bayan shekara shida. Albashi ya yi tashin gwauron zabo, gasar kuma ba ta mutu ba, hasali ma a shekaru goma daga 1978 zuwa 1987 kulob goma daban-daban ne suka lashe World Series.

Saboda haka masu cewa Flood ne ya 'yantar da 'yan wasan besbol sun zarce da yabo, masu cewa ƙararsa ba ta tsinana komai ba su ma sun yi ƙwauron adalci. Masu kulob sun kare kansu a kotu da hujjar cewa wannan batu na teburin ciniki da ƙungiya ne, kuma da suka ci shari'ar sai hujjar ta zame musu alƙawarin da ba su da hanyar gudu daga gare shi. Ƙarar ta kuma koya wa 'yan wasa karanta kwantiraginsu, ta sa abin da aka ɗauka tamkar dokar halitta ya koma abin gardama a jaridu da majalisa.

Flood ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1997, a Los Angeles, bayan fama da ciwon dajin maƙogwaro, yana da shekara 59. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka mai ɗauke da sunansa, shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu, wadda ta shigar da harkar aikin 'yan wasan babbar gasa ƙarƙashin dokar hana babakere kamar sauran wasanni. Dokar ta bar ragowar kariyar 1922 yadda take, musamman abin da ya shafi ƙaurar kulob daga gari zuwa gari da ƙananan gasanni irin waɗanda Flood ya fara wasa a cikinsu, kuma 'yan wasan waɗannan gasanni ba su samu ƙungiyar ƙwadago ba sai a 2022, yarjejeniyarsu ta farko da masu kulob ta biyo baya a 2023. An zaɓi Marvin Miller cikin Zauren Gwanayen Besbol da ke Cooperstown a 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kuma a 2020 'yan majalisar dokoki fiye da ɗari suka rubuta wa zauren suna neman a shigar da Flood shi ma.